ABIN DA SHEHU YA ROƘA A MAGAMI: RAYUWAR MUJADDADI DA HAƘƘIN WANDA YA FITO DAGA KURKUKU



'Yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, zan fara da laifina kafin in taɓa na kowa.

Makonni uku da suka wuce wani saurayi ya dawo garinmu, nan ƙasar Sabon Birni. An kama shi wata ranar kasuwa bisa zargin yana kai wa mutanen daji kaya, ya yi kusan shekara uku a gidan yari yana jiran shari'a, daga baya kotu ta sallame shi don babu shaida. Ranar da ya fara zuwa masallacin da nake limanci, da Azahar ne. Aka ta da iƙama, na juyo kamar kullum ina cewa a daidaita sahu a toshe kafa. Sai na ga kafa biyu a sahu na biyu, ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa, kowace mutum zai iya shiga. Kowa ya ɗan matsa ya bar shi tsaye shi kaɗai. Na gani da idona, wallahi, amma na juya na kabbarta. Da aka sallame ya ɗauki takalmansa ya fita, ban kira shi ba.

Daren nan barci ya ƙi zuwa. Abin da ya yi ta dawo mini a rai shi ne wani labari da na karanta tun ina ɗalibin Larabci a jami'a, labarin ranar Babbar Salla a Magami. Shi ya sa yau nake so mu bi rayuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ta wata ƙofa da ba a cika shiga ba, wato yadda ya yi da ɗaurarru da kamammu. Ni Bagobiri ne, kakana da zanensa a fuska ya koma ga Allah, kuma kufan Alƙalawa ba nisa da inda nake wannan rubutu. Don haka tarihin nan na gida ne a wurina, ta ɓangarorinsa biyu.

An haifi Shehu a Maratta, cikin ƙasar Gobir, a watan Disamba na 1754, daidai da ƙarshen Safar na 1168 bayan Hijira. Garin yana cikin Jamhuriyar Nijar a yau. Mahaifinsa Malam Muhammadu, wanda ake wa laƙabi da Fodiyo, malami ne daga Toronkawa, mahaifiyarsa kuwa Hauwa. Yana ƙarami iyalin suka koma Degel, a can ya tashi, ya yi karatun Alƙur'ani a gaban mahaifinsa, ya ɗauki ilimi wurin 'yan'uwan iyayensa, cikinsu har da Malam Usmanu Binduri wanda ya yi koyi da halinsa ƙwarai. Daga baya ya tafi Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin da ya shahara da zafi wajen faɗa wa masu mulki gaskiya.

Wajen 1774, yana ɗan shekara 20, ya fara wa'azi. Ya fara a Degel, ya shiga Kabi, sannan ya yi kamar shekara biyar yana zagaya Zamfara. Da Fulatanci da Hausa yake karantar da mutane, maza da mata, yana koya musu tauhidi da tsarki da salla, abubuwan da talaka ke buƙata kullum. Mutanen da suka taru a kansa su ne aka riƙa kira Jama'a. Ku riƙe wannan suna, zai yi mana amfani gaba.

To, wace irin ƙasa ce yake wannan wa'azi a cikinta? Gobir a lokacin tana kan ganiyarta. Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, ya kafa Alƙalawa ta zama babban birni. Ɗansa Bawa Jangwarzo ya gaji ƙasa mai faɗi da maƙiya ta kowane gefe. Kun san yaƙi abu biyu yake ci, dukiya da mutane. Dukiyar daga harajin talaka take fitowa, mutanen kuwa wasu su mutu a fagen fama, wasu a zo da su a ɗaure. Wanda sarki ya ɗaure, fitarsa tana hannun sarki. Shekarun da Shehu ya yi a Zamfara ya yi su ne cikin mutanen da aka ci da yaƙi, don haka ya san gidajen da aka tafi da mazansu, ya ji kukansu da kunnensa.

A Babbar Sallar 1788 Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami. Taro ne babba, Shehu ya halarta tare da ƙanensa Malam Abdullahi. Bayan an sauko daga Idi sarki ya shiga rabon kyauta ga malamai. Masu tarihi sun ce rabon Shehu ya kai misƙali 500 na zinariya. Shehu bai karɓa ba. Ya nuna wa sarki cewa shi da mutanensa ba su da buƙatar dukiyarsa, amma yana da buƙatu biyar. Wazirin Sakkwato Gidado ɗan Laima yana cikin waɗanda suka adana mana labarin. Ya nemi a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah a ƙasar, kada a hana duk wanda ya so amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kuma a sauƙaƙa wa talakawa haraji.

Ku duba da kyau. Uku na farko sun shafi da'awarsa da almajiransa, kowane malami zai iya roƙon su. Biyun ƙarshe kuwa na mutanen da ba su ma halarci taron ba ne, ba su da bakin magana a gaban sarki. Cikin waɗanda aka saki saboda roƙon nan akwai Abarshi na gidan sarautar Zamfara. Abarshi ba Batoranke ba ne, ba ɗan'uwan Shehu ba ne na jini, abokin gabar sarkin da Shehu ke zaune a ƙasarsa ne. Roƙon a sake shi abu ne da zai iya jawo wa mai roƙon zargin cewa yana tare da maƙiya. Shehu ya san haka, ya roƙa.

Kuma a faɗi gaskiya, Bawa Jangwarzo ya amsa duka biyar ɗin. Mu Gobirawa muna yawan tuna Bawa da jarunta da kirari, amma ban taɓa jin wani ya yabe shi da cewa shi ne sarkin da ya buɗe kurkuku ranar Idi don malami ya roƙe shi ba. A ganina wannan yana cikin manyan ayyukansa.

Me ya sa Shehu ya fifita ɗaurarre a kan zinariya? Duk ɗalibin ilimi ya san amsar. Suratul Insan ta lissafa kamamme tare da miskini da maraya cikin waɗanda bayin Allah na ƙwarai ke ciyarwa. Suratul Balad ta sa 'yantar da wuya a farkon hanyar tsira mai wuyar hawa. A Sahihul Bukhari Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya haɗa umarnin kwance kamamme da ciyar da mayunwaci da gaida mara lafiya a wuri ɗaya. Annabi Yusuf, alaihis salam, ya yi shekaru a kurkuku ba da laifin komai ba. Shehu ya karanta waɗannan kamar yadda muke karantawa. Bambancinmu da shi, shi da ya sami dama a gaban mai iko sai ya yi aiki da su.

Bayan rasuwar Bawa al'amura suka fara canzawa. Yakubu ya yi sarauta, sannan Nafata. Jama'a ta yi yawa har fada ta tsorata, sai Nafata ya kafa doka: ban da Shehu kada wani ya yi wa'azi, kada wanda bai gaji Musulunci ba ya shiga, maza su daina rawani, mata su daina lulluɓi. Saboda wannan matsi ne wani babban almajirin Shehu, Malam Abdussalami, wanda Bahaushe ne, ya kwashe mutanensa ya koma Gimbana ta wajen Kabi. Da Yunfa ɗan Nafata ya hau gadon sarauta sai ya aika a kira shi, bai zo ba. Wajen ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta faɗa wa Gimbana, aka kashe mutane da dama, aka kama maza da mata da yara. Malam Abdussalami shi ya tsira.

Hanyar komawar rundunar Alƙalawa ta bi da su kusa da Degel. Mutanen Degel suka ga 'yan'uwansu Musulmi ana kora su a ɗaure. Ba su iya haƙuri ba, suka fita suka tare hanya, suka kwance su. Wannan shi ne abin da ya fasa ƙwai tsakanin Yunfa da Jama'a. In ka tsaya a matsayin sarki, an ƙwace masa kamammu a cikin ƙasarsa, an taɓa ikonsa. In ka tsaya a matsayin mutanen Degel, 'ya'ya ne Musulmi za a kai kasuwa.

Abin da ya biyo baya shi ne zuciyar wannan rubutu. Yunfa ya aika wa Shehu cewa ya fita daga Degel shi da iyalinsa kaɗai, ya bar sauran. Wato an ba shi hanyar tsira, shi da 'ya'yansa da littattafansa. Shehu ya ƙi rabuwa da Jama'arsa, ya zaɓi ya bar ƙasar tare da duk wanda zai bi shi. A watan Fabrairu na 1804, cikin Zulƙi'ida 1218, suka yi hijira zuwa Gudu. Ka ga kwance igiya aikin yini ɗaya ne. Ɗaukar nauyin wanda aka kwance, da ciyar da shi, da yarda a kore ka daga gidanka saboda shi, wannan shi ne aiki mai tsawo, kuma shi ne wanda Shehu ya biya da garin da ya tashi a cikinsa. Malam Abdussalami da sauran mutanensa su ma suka haɗu da Jama'a, aka ci gaba da tafiya tare.

A Gudu aka yi wa Shehu mubaya'a. A watan Yuni na 1804 aka gwabza a Tafkin Kwatto, Jama'a ta yi nasara. Ƙarshen shekarar a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, Gobirawa suka yi musu mummunar ɓarna, aka ce mahaddata Alƙur'ani kusan 200 suka kwanta a wurin. Aka sha yunwa, aka sha ciwo. A 1808 Alƙalawa ta faɗi a hannun rundunar Muhammadu Bello ɗan Shehu, aka kashe Yunfa.

Nan dole in faɗi abin da wasu ba sa son ji, don amanar ilimi. Yaƙin da ya tashi saboda kamammu shi ma ya haifar da kamammu. Da Alƙalawa ta faɗi an tafi da mutane, kakannin wasunmu suna ciki. Shehu da kansa a Wasiƙarsa ga mutanen ƙasar Sudan ya bayyana haramcin bautar da ɗa Musulmi a duk inda yake, amma ba duk wanda ya ɗauki tuta ne ya tsaya kan wannan iyaka ba. Malam Abdullahi ya ga yadda son dukiya da mulki ya shiga zukatan wasu mayaƙa, ransa ya ɓaci har ya bar rundunar a 1807 da niyyar tafiya gabas, ya tsaya a Kano, a can ya rubuta Liya'ul Hukkam don koya wa masu mulki shari'a, sannan ya dawo. Darasin a fili yake. Wanda aka zalunta jiya, in ya sami iko yau, yana buƙatar mai tuna masa kamar yadda Bawa ya buƙaci Shehu.

Shehu bai zauna kan gadon mulki irin na sarakuna ba. Ya koma Sifawa yana karantarwa yana rubutu, ya raba kula da ƙasa tsakanin Malam Abdullahi a yamma da Muhammadu Bello a gabas. A 1815 ya koma Sakkwato, ya rasu a watan Afrilu na 1817, cikin Jimada Sani 1232, yana da shekara 62 a lissafin rana. Hubbarensa yana nan ana ziyarta. Gobirawa kuwa suka ci gaba da gwagwarmaya har Gawakuke a 1836, wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni, Isa kuma ta tashi a matsayin ribaɗin Sakkwato. Garuruwan nan biyu da aka gina suna hararar juna, yau jikokinsu sahu ɗaya suke bi, kasuwa ɗaya suke ci, bala'i ɗaya kuma yake cin su.

To mu dawo kan namu zamanin. A 2019 aka yi dokar da ta canza sunan gidajen yari a Najeriya suka koma gidajen gyaran hali. Mutanen da ke ciki sun haura 70,000, kuma kusan biyu cikin ukunsu jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Wasu kuma an yanke musu da zaɓin tara, kuɗin ne babu, suna zaune saboda abin da bai kai kuɗin ragon layya ba. Mu nan gabashin Sakkwato muna da ƙari a kan wannan, wato waɗanda ke ɗaure a daji hannun 'yan bindiga. Ba wanda ya manta yadda aka kama Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, aka kashe shi a hannunsu a watan Agusta na 2024, Allah Ya jiƙansa. Dubban mutanenmu suna gudun hijira a jihar Maraɗi. Kowane mako wani yana dawowa, ko daga gidan yari ko daga daji. Tambayar ita ce, me yake tararwa in ya dawo?

Na san abin da wasunku za su rubuto a ƙasa. Za a ce Malam, kai ma ka san akwai masu kai rahoto a cikinmu, da hannun na gida ake cin gari. Gaskiya ne, ban musa ba. Wanda maciji ya sara in ya ga igiya gudu yake. Mutanen da suka matsa a sahu ranar nan ba mugaye ba ne, akwai wanda aka kashe masa ɗa, akwai wanda ya sayar da gona ya biya fansa. Kuma ba ina cewa a buɗe ƙofa a saki masu kisa ba ne. Wanda laifi ya tabbata a kansa a hukunta shi, haƙƙin waɗanda aka zalunta ne. Amma shari'armu ba ta hukunci da zato. Wanda alƙali ya sallama don babu shaida, da wane dalili ni da kai za mu sake ɗaure shi a cikin gari? Wanda kuma ya yi laifin ya gama wa'adinsa, ku tuna mutumin da aka yi wa bulala saboda giya a zamanin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya nuna cewa yin haka taimakon Shaiɗan ne a kan ɗan'uwa.

Ku yi lissafi ma ta fuskar tsaro. Saurayi ya dawo, ba mai ba shi aiki, ba mai sayen kayansa, an fasa ba shi matar da aka yi masa alkawari, yara suna nuna shi, a masallaci ma an bar masa fili. Mutum ɗaya ne zai tarbe shi da fara'a, ya ba shi babur da kuɗi, kun san ko wane ne. Da hannunmu muke tura masa ma'aikata. Haka matar da ta dawo daga daji, mijin ya juya mata baya, kishiyoyi suna habaici, alhali ita aka zalunta. Ina za ta?

Ga abin da nake roƙon limamai 'yan'uwana da masu hali, daga Sabon Birni zuwa Isa da ƙauyukansu. Kowane masallacin Juma'a ya san 'yan unguwarsa nawa ne ke tsare, a ina, kuma kan me. A wakilta dattawa biyu ko uku masu zuwa dubiya da bin shari'ar har a kai ga alƙali, don sau da yawa fayil yana kwana ne saboda ba mai tambaya. A ware wani abu daga zakka da sadaka don biyan tara da ƙananan basussuka, ai ayar rabon zakka a Suratut Tauba ta ambaci 'yantar da wuya da masu bashi. A kula da matar wanda ke tsare da 'ya'yansa, kada yunwa ta kai su inda ba a so. Ranar da ya dawo kuwa, liman ya fara zuwa gidansa a gaban kowa, mai shago ya ɗauke shi, mai gona ya ba shi kadada, dattijo ya tsaya masa in ya nemi aure. In akwai abin tsoro a halinsa, wanda ke kusa da shi ne zai fara gani. Mu malamai kuma da ake kira gidan gwamnati da azumi da salla ana ba mu ambulan, mu tambayi kanmu: sau nawa muka fito da sunan wani ɗaurarre a aljihu muka ce wannan muke roƙo?

Saurayin nan na je gidansu kwana biyu bayan abin da ya faru. Na tarar da shi zaune a zaure, tsohuwarsa ta ce tun ranar a ɗaki yake salla. Na ba shi haƙuri, ya sunkuyar da kai bai ce komai ba, sai hawaye. Washegari da Asuba na biya masa muka tafi tare, na tsayar da shi bayana daidai, kusa da ladan. Wani dattijo, wanda shi ma an taɓa ɗauke masa jika, ya ɗan yi jim, sannan ya matso ya haɗa kafaɗa da shi. Har yanzu akwai masu kauce masa, kuma har yanzu bai sami sana'a ba. Duk wanda ke da gurbin koyon ɗinki ko gyaran babur a kusa, ya yi mini magana ta akwatin saƙo.

Allah Ya jiƙan Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Muhammadu Bello, Ya jiƙan Bawa Jangwarzo da dukkan Musulmin da suka kwanta a ɓangarorin biyu. Allah Ya kwance duk wanda ke ɗaure bisa zalunci, Ya shiryi masu laifinmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir da Najeriya baki ɗaya. Wanda ya karanta ya tura wa limamin unguwarsu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.